GISHIRIN TAKI A CIKIN KARA DA CIYAWA: YADDA ZA A TSARE SHANU MASU CIKI

Bayani domin Hakimai da Malamansu a ƙasashen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa

1. ABIN DA AKE NUFI DA WANNAN TAKARDA

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafai, don su san wata hanya da shanu ke mutuwa ko su yi ɓari ba tare da wata annoba ta shigo ƙasa ba. Abin da ke jawo wannan hasara yana cikin abincin da mai shanu ya saya da kuɗinsa, ya zuba wa dabbarsa da hannunsa. Wani gishiri ne da ke taruwa a cikin karan masara da na dawa da waɗansu ciyayi, idan gona ta sha taki da yawa sa'an nan ruwan sama ya ɗauke mata. Masana suna kiransa naitiret. A cikin wannan takarda za a riƙa kiransa gishirin taki.

Abu biyu ake so kowane hakimi ya riƙe tun daga farko. Na ɗaya, bushewa ba ta kashe wannan gishiri: karan da aka sare da shi a kaka yana nan da shi har bazara. Na biyu, saniya mai ciki ita ce ta fi kowace dabba shiga hatsari, domin abin da bai isa ya kayar da ita ba yana iya kashe ɗan da ke cikinta.

2. DALILIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFI KUDANCIN KANO

A zamanin da, dawa da gero su ne ƙarfin noman wannan yanki, takinsu kuwa na gida ne, ko na shanun da manomi ya roƙi Fulani su kwana masa a gona. Irin wannan taki a hankali yake narkewa, shuka tana ɗauka gwargwadon bukatarta.

Daga baya al'amura suka sake. A shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, noman rani ya kafu a gefen Kogin Kano. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ciyar da ƙasa, takin zamani ya wadata da rangwame. Cikin shekarun da suka biyo baya sabon irin masara da aka fitar a cibiyar binciken aikin gona ta Ibadan ya bazu a Arewa. Yau daga Badafi da Dangora a ƙasar Kiru har Dadin Kowa da Riruwai a ƙasar Doguwa, masara tana cikin manyan abubuwan da ake nomawa, masara kuwa ba ta yin kirki sai da taki. Buhun yuriya guda mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, wanda shi ne ke juyewa a cikin ƙasa ya zama gishirin da ake magana.

Har wa yau, wannan yanki ƙasar shanu ce. Garkunan da ke damina a wajen Dajin Falgore da Dajin Dansoshiya sukan sauko gonaki da kaka. A cikin garuruwa kuma mutane da yawa suna turke shanu a gida. Kara, wanda a da ake bari a gona, yanzu ya zama haja, ana saye ana sayarwa. Saboda haka taki da shanu sun haɗu a wuri guda fiye da yadda aka sani a da.

Kada a ɗauka ana kushe takin zamani. Da shi ne rumbuna suka cika. Amma zuma ce, da zaƙi da harbi, wajibi ne a san inda harbin yake.

3. YADDA GISHIRIN KE TARUWA A CIKIN SHUKA

Kowace shuka tana shan wannan gishiri ta saiwarta, ya hau ta cikin kara zuwa ganye. A ganyen ne, da taimakon hasken rana da isasshen ruwa, ake sarrafa shi ya zama abin gina jiki, watau abin da ke sa ganye ya yi kore, zangarniya ta cika. Muddin shuka tana girma yadda ya kamata, abin da ya shigo yana ƙarewa, babu abin da ke taruwa.

Matsala tana farawa ne idan saiwa tana ɗauka, ganye kuwa ya kasa sarrafawa. Ga lokutan da haka ke aukuwa:

(a) Idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina bayan an zuba taki, shuka ta tsaya, ganye ya lanƙwashe.

(b) Idan ruwa ya dawo bayan fari. A kwanakin farko saiwa takan zuƙi gishirin da ya taru a ƙasa da gaggawa, tun ganye bai farfaɗo ba. Wannan shi ne lokacin da ya fi kowane hatsari, ko da yake a ido gonar ta fara kyau.

(c) Idan damina ta yanke da wuri, masara ko dawa ta bushe ba ta yi 'ya'ya ba. Gishirin da ya kamata ya tafi ga ƙwaya sai ya tsaya a kara.

(d) Idan rana ta ɓuya kwana da kwanaki, ko shuka tana cikin inuwa.

(e) Idan wurin ya sha taki fiye da kima, ko na zamani ko na gida, kamar tsohon mashekari, da bakin juji, da lambun da ake zuba wa taki a kai a kai.

Gishirin ba ya bazuwa daidai a jikin shuka. Mafi yawansa yana cikin kashi ɗaya bisa uku na kara daga ƙasa. Yana raguwa in an yi sama, ganye yana da kaɗan, ƙwayar hatsi kuwa ba ta da abin da za a ji tsoro. Wannan sani shi ne tushen yawancin dabarun da za a ambata a gaba.

4. ABIN DA YAKE YI A JIKIN SANIYA

A cikin tumbin saniya akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narkar mata da ciyawa. Idan gishirin taki ya shiga tumbi, sukan juya shi mataki biyu. A mataki na farko ya zama wani sinadari mai dafi da ake kira naitirait. A mataki na biyu su juya wannan dafin ya zama abin da jiki ke amfani da shi. Mataki na farko yana da sauri, na biyu yana da nawa. In gishirin kaɗan ne, ana gamawa da shi ba a sani ba. In ya shigo da yawa a lokaci guda, dafin sai ya taru, ya ratsa bangon tumbi ya shiga jini.

Aikin jini shi ne ya ɗauko iska daga huhu ya kai wa sassan jiki. Wannan dafi yana ɓata jan sinadarin da ke ɗaukar iskar, jini ya sake launi ya koma kamar ruwan makuba. Saniya tana numfashi, huhunta lafiya lau, amma iskar ba ta isa inda ake bukatarta. Alamun ciwo sukan bayyana idan kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na jan sinadarin ya ɓaci. In ya kai wajen kashi 80, mutuwa ce.

Shanu sun fi tumaki saurin kamuwa. Dawaki da jakuna, da yake ba su da irin tumbin shanu, sun fi su jurewa. Don haka ganin jaki ya ci wani kara ya kwana lafiya ba hujja ba ce a ce karan ya dace da saniya.

5. DALILIN DA YA SA MAI CIKI TA FI SHIGA HATSARI

Ɗan da ke cikin mahaifa ba ya numfashi da kansa. Duk iskar da yake rayuwa da ita daga jinin uwarsa take zuwa, ta hanyar mabiyiya da cibiya. Uwar tana iya jure ƙarancin iska na 'yan sa'o'i ta warke, shi kuwa ba shi da wannan ƙarfi, musamman a wata uku na ƙarshe, lokacin da yake girma da sauri, bukatarsa ta yi yawa.

Abin da ke rikita masu shanu shi ne ɓarin ba ya zuwa nan take. Yakan zo tsakanin kwana 5 zuwa 14 bayan cin abincin. Kafin nan an manta da damin da aka zuba, wataƙila ma garken ya tashi daga gonar. Wani lokaci kuma a haifi maraƙin matacce, ko rarrauna wanda ba ya iya tashi ya kama nono.

Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, damina kuwa ba ta kai haka ba. Ke nan babu saniyar da za ta haihu ba ta ratsa wani sashe na kaka ko rani da ciki ba, lokacin da kara ne yawancin abincinta. A kiwon gargajiya farar saniya Bunaji takan kai shekara 4 zuwa 5 kafin haihuwar fari, sau da yawa kuma akan yi kusan shekara 2 tsakanin haihuwa da haihuwa. Wanda saniyarsa ta yi ɓari ya yi hasarar maraƙi, ya yi hasarar nonon wannan shekara, sa'an nan ya koma jira. Ga talaka mai saniya biyu ko uku, wannan karayar arziki ce.

6. ABINCIN DA ZA A YI HATTARA DA SHI

Waɗanda suka fi tara gishirin su ne:

Karan masara, da na dawa, da na gero, daga gonar da ta sha taki kuma fari ya taɓa ta, musamman wadda ba ta yi 'ya'ya ba.

Ɗanyar masarar da aka sare daga gonar noman rani domin shanun turke.

Ciyayin dangin alayyafo, irin su rukuɓu da zaƙi-banza, waɗanda ke fitowa da ƙarfi a tsohon mashekari da bakin juji.

Ganyen kabeji da na alayyafo da sauran ragowar lambu.

Ciyayin da aka fesa wa maganin kashe ciyawa suka fara yaushi. Waɗansu magungunan suna ƙara gishirin, kuma suna sa shanu su ci ciyawar da a da suke ƙi.

Ɗanyen kara ko ciyawa da aka tsibe da laima har ta ɗauki zafi. A cikin irin wannan tsibi gishirin yana juyewa ya zama dafi tun bai shiga tumbi ba, saboda haka ya fi kowanne sauri wajen kisa.

Waɗanda galibi ba su da yawansa su ne harawar wake, da harawar gyaɗa, da karan shinkafar fadama, da busasshiyar gamba ta daji inda ba a zuba taki, da dusa, da hatsi. Da su ne ake gauraya mai hatsari a rage ƙarfinsa.

Ruwan sha ma yana da nasa. Kududdufin da ruwa ke gangarowa cikinsa daga mashekari ko daga gonar da aka zuba wa taki yana iya ɗaukar gishirin, ya ƙaru a kan wanda ke cikin abinci. Kada a shayar da dabba a cikin durom ko bokitin da aka jiƙa taki, kada kuma a bar buhun taki inda shanu za su lasa. Yuriya ita kanta, in saniya ta ci, tana kisa ta wata hanya dabam, cikin ɗan lokaci kaɗan.

7. ALAMOMI, DA YADDA ZA A BAMBANTA DA WAƊANSU CUTUTTUKA

Alamun sukan fara cikin 'yan sa'o'i bayan cin abincin. Saniya ta riƙa haki, jikinta yana rawa, tana dalalar da miyau, tana yawan fitsari, tana tangaɗi in ta yi tafiya. In an ɗaga leɓenta aka dubi dasashi, ko aka buɗe fatar ido, za a ga jan ya gushe, wurin ya yi toka-toka ko ƙasa-ƙasa. Daga nan sai ta faɗi. Sau da yawa ba a ganin kome, sai dai a wayi gari a tarar da shanu biyu ko uku a mace, yawancinsu kuwa manya masu ƙarfi, domin su ne ke ture sauran su ci da yawa.

Akwai abubuwa uku da ake rikita su da wannan:

Dafin gyauro. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa da ƙaramar dawa suna kashe shanu. Wannan wani dafi ne dabam, ana kiransa sayanaid. Ya fi sauri, jinin dabbar kuma yakan yi ja wur. Ya fi yawa a ganyen dawar da ba ta kai ƙafa 2 ba, kuma yana raguwa ƙwarai in an shanya ta bushe sarai. A nan ne mutane ke ruɗuwa. Sun saba da cewa bushewa tana gyara dawa, sai su zaci ta gyara kome. Gishirin taki kuwa yana cikin kara, rana ba ta taɓa shi.

Ciwon saifa. Shi ma yana kisa farat ɗaya, baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci da dubura, kuma yana kama mutane. An tabbatar da ɓullarsa a Suleja ta Jihar Neja a watan Yuli na 2023. Saboda haka duk dabbar da aka tarar ta mutu farat ɗaya, kada a feɗe ta, kada a ja ta, sai likitan dabbobi ya zo.

Bakkale. Wannan cuta ce mai yaɗuwa da ke sa shanu ɓari a ƙarshen ciki, tana kuma kama mutane ta ɗanyen nono da taɓa abin da aka ɓarar. Tun da ido ba ya iya rarrabe ɓarin bakkale da na gishirin taki, kada kowa ya taɓa ɗan tayi ko mabiyiya da hannu tsirara, a kuma tafasa nono kafin a sha.

8. ƘA'IDODIN CIYARWA

Ba a ce a ƙone karan da ake shakka ba, domin a rani kowane dami dukiya ne. Ana iya cin amfaninsa in an bi waɗannan ƙa'idodi:

(1) A tambayi asalin kara kafin a saya: daga wace gona, buhu nawa na taki ta sha, ta yi 'ya'ya ko ba ta yi ba. Karan gonar da ta ba da amfani mai kyau ya fi na gonar da ta lalace aminci.

(2) A sare daga sama. A gonar da fari ya taɓa, a bar kimanin ƙafa 1 na gindin kara a ƙasa. Abin da aka rasa na yawa an same shi a lafiya.

(3) In ruwa ya dawo bayan fari, a dakata aƙalla mako guda, in da hali mako biyu, kafin a yanka ko a saki shanu.

(4) A ware masu ciki. Abinci mafi aminci nasu ne. Karan da ake shakka a ba bijimai da shanun noma da waɗanda ba su da ciki, su ma da gauraye.

(5) Kada a saki saniya mai yunwa a kan abin da ake shakka. A fara cika mata ciki da harawa ko busasshiyar ciyawar daji. Garken da ya yi doguwar tafiya ya faɗa gona da yunwa shi ne ya fi yin hasara.

(6) A saba musu a hankali. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako guda ko fiye, domin halittun cikin tumbi su saba. A raba abincin yini kashi uku ko huɗu maimakon a zuba gaba ɗaya.

(7) A haɗa da dusa ko ɗan hatsi. Suna ba halittun tumbi ƙarfin gama mataki na biyu da sauri.

(8) In shanu suna kiwo a gonar da aka girbe, a fitar da su idan sun cinye ganye da saman kara, tun yunwa ba ta tilasta musu cin gindi ba.

(9) A lura da injin daddatsa kara. In an zuba wa saniya kara ɗungum, takan zaɓi ganye da sama ta bar gindi. In an niƙe duka, an ɗauke mata zaɓi. Saboda haka a datse gindin a yar kafin a sa a inji, kuma a gauraya da abinci mai aminci sosai, yadda ba za a iya tsincewa ba.

(10) A ajiye kara inda ruwa ba zai taɓa shi ba, a kan rumfa ko bisa itace. Wanda ruwan bazara ya jiƙa, kada a ba dabba sai an baza shi ya bushe sarai, mai ciki kuwa kada a ba ta ko kaɗan.

Hanya guda da ke rage gishirin da gaske ita ce a daddatsa ɗanyar masara, a danƙare ta a rami, a rufe yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta wata guda ta yi tsami. Wannan yakan rage kashi ɗaya bisa uku zuwa rabi. Amma a kwanakin farko ramin yana iya fitar da wata iska mai launin rawaya-rawaya wadda ke ƙona huhun mutum, don haka kada kowa ya leƙa ciki, a kuma hana yara zuwa wurin.

9. AWO DA LISSAFI

Ido ba ya gane karan da ke da gishirin, hanci ma haka. Ma'aikatan dabbobi suna da wani ruwan gwaji wanda in an tsaga kara aka ɗiga, wurin yakan koma shuɗi mai duhu idan gishirin yana da yawa. Ruwan yana ƙuna, aikin ma'aikaci ne kaɗai, kuma iyakarsa ya nuna akwai. Sanin adadi sai ɗakin awo. Likitan dabbobi na ƙaramar hukuma shi zai faɗi inda za a aika. Manyan wuraren binciken dabbobi na Arewa su ne cibiyar Vom, wadda aka kafa a 1924, da cibiyar binciken kiwo ta Shika, da sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

In za a aika samfur, a ɗebo daga damuna da yawa a sassa dabam-dabam na tsibin, har da gindin kara, a rubuta sunan gonar a kai.

Ga ma'aunin da likitoci ke bi, a kan kowane kilo guda na busasshen abinci. Abincin saniya mai ciki kada ya wuce giram 5 na gishirin. Daga giram 5 zuwa 10, sai da gauraye, kuma ba na masu ciki ba ne shi kaɗai. Abin da ya haura giram 10 yana iya kashe babbar saniya. Waɗansu ɗakunan awo sukan rubuta adadin naitirojin da ke cikin gishirin maimakon gishirin kansa. In haka ne, sai a ninka adadin sau 4.4 kafin a gwada da wannan ma'auni. Malami ya tambaya ya tabbata, domin kuskure a nan babba ne.

Misali: an auna wani kara an sami giram 10 a kilo, harawa kuma giram 1. In an haɗa kilo 1 na karan da kilo 2 na harawa, jimla giram 12 ke nan a cikin kilo 3, watau giram 4 a kowane kilo, ya sauka ƙasa da iyaka. In an haɗa su daidai wa daida, giram 11 ne a cikin kilo 2, watau giram 5 da rabi, bai dace da mai ciki ba. Da nauyi ake wannan lissafi, ba da girman dami ba.

10. IN ABIN YA AUKU

A janye abincin nan da nan daga gaban dukan shanun, a ajiye shi domin awo. A aika a kira likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Kada a kori dabbar da ta kamu, kada a tilasta mata tafiya, domin motsi yana ƙara mata bukatar iskar da ba ta samu, yana gaggauta mutuwarta. A bar ta a inuwa, a kai wa sauran harawa da ruwa mai tsabta. Kada a yi mata ɗure, tana iya shaƙewa.

Akwai magani, wata allura ce mai launin shuɗi da ake kira metilin bulu, ana yin ta a jijiya. In an yi ta da wuri tana mai da jini yadda yake cikin ɗan lokaci. Likita ne kaɗai ke yin ta, shi ne kuma zai faɗi tsawon lokacin da za a jira kafin a sha nonon dabbar ko a yanka ta. Amma a sani, allurar tana ceton uwa, ba ta mai da ɗan da ya riga ya mutu a ciki.

In an riga an yanka dabbar kafin ta mutu, wanda ya ga jinin ya riƙe launinsa ya faɗa wa likita, gama launin makubar yakan gushe bayan 'yan sa'o'i. Kada a rarraba naman sai ma'aikacin duba nama ya yarda.

11. AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Na farko, gargaɗi a kan kari. Duk shekarar da ruwa ya ɗauke bayan an zuba taki, ko damina ta yanke da wuri, hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni da arɗaɗai, tare da malamin gona da malamin dabbobi, a karanta musu sashe na 8. A maimaita a kasuwanni da masallatan Juma'a kafin a fara sayar da kara.

Na biyu, rubutu. Duk rahoton mutuwar farat ɗaya ko ɓari da ya zo, malami ya shigar da kwanan wata, da gari, da yawan shanun da abin ya shafa, da watannin cikin, da abin da suka ci cikin mako biyu da suka wuce, da gonar da abincin ya fito, da irin takin da ta sha, da mashayarsu. In shanu da yawa suka yi ɓari cikin kwanaki kaɗan bayan cin kara ɗaya, littafin malami ne zai fara nunawa.

Na uku, zaman lafiya. Idan shanu suka shiga gona suka mutu, abin da makiyayi zai fara zato shi ne an sa musu guba. Manomi kuwa ya rantse bai sa kome ba, kuma mai yiwuwa ne dukansu biyu gaskiya suke faɗi gwargwadon saninsu. Daga irin wannan zato ne rigima ke tashi har ta kai ga jini. Hakimin da ya san wannan bayani zai kwantar da hankalin ɓangarorin biyu, ya sa a tsare gawar da ragowar karan, ya hana yanke magana sai likita ya duba ya ba da sakamako.

Ana roƙon hakimai su sa a ajiye wannan takarda a ofishinsu, a riƙa fito da ita kowace kaka. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye dukiyar talakawa, amin.